Ruwan Gaya a Gonar Baba

Wayar ta zo ne cikin kwalin sabulu, an naɗe ta da tsohuwar riga. Wani direban babbar mota ya sauke ta a Gangara ranar kasuwa, mai amalanken ƙauyenmu ya ƙaraso da ita gida. Yayana Safiyanu ne ya aiko. Shekara uku ke nan yana garin Gaya, can bakin kogi, yana gyaran tayoyin manyan motoci.

Ni sunana Rukayya, amma Baba bai taɓa kirana da shi ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini. Na yi kolej a Gazawa, na ci bireve, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, na dawo gida. Ba ni da surutu. Ko a lakol, cikin aji, sai mushe, malaminmu, ya ce in sake faɗa sau biyu kafin a ji ni. Inna takan ce bakina a ido yake.

Waya ce babba, mai shafawa. Safiyanu ya shirya komai tun can. Ya sa pus, wato katin layi, ya sa mega ta shiga intanet, kuma duk wata yana turo wata. Babu kiredi, kuɗin kira, a ciki, sai wata aplikasiyon, wato manhaja, da ake kira da ita ta intanet, kuma tana kiran kowace irin lamba. Da yake Baba bai yi boko ba, sai ya jera masa hotuna uku a fuskar wayar: hoton shi Safiyanu, hoton Gwaggo ta Cadawa, da hoton gajimare.

Gajimaren nan shi ne lambar ruwa. Bara wani ma'aikacin koperatib, ƙungiyar manoma, ya zo ƙauyenmu ya ba manoma wata gajerar lamba, guda huɗu kawai, in ka kira sai wata murya ta gaya maka yadda sama za ta kasance. A ƙofar gidanmu aka yi taron. Ina bayan zana ina sheƙar gero, na ji duk abin da ya ce.

"Lambar nan ba ta da gida," in ji shi. "Inda ka tsaya, nan take amsa maka. Ƙarfen rezo, na sadarwar waya, da ke kusa da kai shi ke gaya mata inda kake. In ka kira nan, labarin Gangara za ka ji. In ka je Gidan Rumji ka kira, na Gidan Rumji za ka ji."

Duk damanar bara da ƙaramar wayarsa mai tocila Baba ya riƙa kira. Da babbar ta zo, sai ya miƙa wa Inna ƙaramar.

"Tani, ga gadonki tun ina da rai."

"Gado mai fasasshen gilashi," in ji Inna. Amma ta ɗaure ta a bakin zane, ba ta ƙara rabuwa da ita ba.

Baba ya so wayar nan. Kullum da hantsi sai ya fita gindin gawon ƙofar gida, inda rezo ya fi ƙarfi, ya shimfiɗa buzu, ya kira ni in riƙe masa. Ni ma ina son wannan zama. Ba sai na yi magana ba, danna nan, danna can, shi kuma yana ta sharhi. In ya danna gajimare, muryar takan fara da wani yare da ba mu ji, sai daga baya ta ce mai son Hausa ya danna biyu.

"Kin ga bana sun mai da mu na biyu," Baba ya ce. "Bara mu ne na ɗaya. Danna mini biyu, Uwata, mu ba masu fushi ba ne."

Na danna. A lokacin ban sa komai a raina ba. Duk watan nan zafi muryar take faɗa, kuma zafin muke sha, ba wanda zai ce ta yi ƙarya.

Abin da ke gidanmu mai daraja a bana ba wayar ba ce. Wata tukunya ce a kusurwar ɗakin Inna, an rufe bakinta da faifai an shafe da laka. A ciki akwai irin gero tiya tara, an cuɗa shi da toka. Ɗan-Iya muke ce masa, domin kakata Iya, mahaifiyar Baba, ce ta zo da shi daga garinsu ranar da aka kawo ta. Gajere ne, yana nuna da wuri, kuma furarsa tana da wani gardi da ba na jin shi a furar kowa. A da maƙwabta ma suna da shi, sai suka koma irin da ake rabawa. Bara tsutsa ta shiga gonarmu, dami biyu kawai Baba ya iya zaɓa na iri. Shi ne tiya taran nan. In ya ƙare, ya ƙare. Ba a kasuwa, ba a gidan kowa.

Ranar wata Litinin, farkon watan Mayu, muryar ta canza magana.

"Manoman wannan yanki, barkanku da war haka. Ana sa ran ruwa mai ƙarfi daga Juma'a zuwa Lahadi, kuma zai ɗore. Wanda ya gyara gona ya fito da iri. Masu shinkafa a fadamun bakin kogi kuwa..."

"Kashe, kashe," Baba ya ce. "Mu ba mu da shinkafa, kada ta cinye wa yaro mega." Ya tashi zaune sosai, ya gyara hula. "Kin ji ko? Juma'a!"

Na ji. Amma abin da ya tsaya mini shi ne kogi. Daga nan har Gazawa ban san wani kogi ba, sai gulbin da ke kwance da yashi wata tara a shekara.

Da azahar Baba ya gama yanke shawara. Binne zai yi. Zai sa iri a busasshiyar ƙasa ranar Alhamis, ruwan Juma'a ya iske shi a kwance, kafin mutane su gama neman sungumi shi geronsa ya tsaga ƙasa.

"Malam, watan shida fa muke ciki," Inna ta ce tana tankaɗe. "Watan bakwai shi ne maƙarar rani. Ko shamuwa ba ta zo ba."

"Shamuwa tana da waya?"

"In yayyafi ya taɓa shi ya tsira, rana ta biyo baya fa? Ko ya kwana arba'in a ƙasa ɓeraye suna biki?"

"Ruwa mai ƙarfi aka ce, kuma zai ɗore. Ba ni na faɗa ba. Na'ura ce ta leƙa sama ta gani."

Da la'asar ya tafi majalisa da wayar a aljihun gaba, rabinta a waje. Ya dawo yana murmushi. Ya kunna wa kowa sun ji. Abokinsa Tsoho ma ya ce zai bi bayansa ranar Asabar.

Washegari Jaye ya zo. Jaye makiyayi ne, kowace shekara bayan girbi yakan sauka da shanunsa a gonarmu, su ci kara su bar mana taki, ba ya tashi sai za a yi shuka. Tun kafin a haife ni suke wannan hulɗa da Baba, kuma tun kafin a haife ni suke zagin juna.

"Kaɗo, an ce ka kore ni."

"Ban kore ka ba, Fillo. Ruwa ya kore ka. Alhamis nake so in ga gona fili."

Jaye ya dogara da sandarsa ya ɗaga kai ya dubi gawo. Ganyensa kore shar, ko ɗaya bai faɗo ba, shi kuwa gawo sai damina ta gabato yake zubar da ganye.

"Wanga icce bai ji labari ba. Shanuna ma ba su ji ba. Sa da ya ji ƙamshin ruwa ba ya kwanciya yana tuƙa haka."

"To ka saya wa sanka waya."

"Ni na gane," Jaye ya ce. "Matar da ke cikin wayar ce ta ɗauke maka hankali. Bari in gaya wa Tani."

Suka yi dariya, na kawo musu ruwa na koma.

Ni ke kai wayar sharji, a jikin ɗan farantin hasken rana da ke kan rufin ɗakin Baba. Ran nan da na sa ta, sai na tsaya. Maganar ma'aikacin koperatib ce ta dawo mini: ƙarfen rezo shi ke gaya mata inda kake. To, wanda ya kira ta intanet fa? Kiran ba ta hanyar da aka saba yake bi ba. Wa zai gaya mata inda yake tsaye?

Na buɗe aplikasiyon ɗin, na shiga wurin gyare-gyare. Da Faransanci aka rubuta komai. Na bi layi layi da yatsa kamar ina karatun jarrabawa. Can ƙasa akwai wurin da aka ce a sa garin mai waya, kuma an yi ƙaramin rubutu a ƙarƙashi: gajerun lambobi za su tafi ne ga ofishin garin da aka rubuta a nan. A cikin akwatin an rubuta Gaya.

Na je na ce Inna ta ara mini ƙaramar wayarta, na zagaya bayan rumbu, na danna lambobin nan huɗu da hannuna. Muryar ta fara da Hausa, ta ce mai son Fulatanci ya danna biyu. Sannan ta ce:

"Babu ruwan shuka cikin kwana goma masu zuwa. Ana iya samun yayyafi nan da can. Kada a yi gaggawar sa iri."

Na saurara har ƙarshe. Ba ta ambaci shinkafa ba, ba ta ambaci kogi ba.

Sanin abu daban, faɗarsa daban. Na fara da Safiyanu, don shi ya fi sauƙi. Na tura masa saƙon murya, na yi ta leƙawa, bai shiga ba. Daga baya muka ji wata mota ce ta lalace a daji, ya kwana uku can babu rezo.

Na gaya wa Inna. Ta ajiye muciya ta dube ni.

"Kin tabbata?"

"Na karanta, Inna. Kuma na kira da taki."

"To ni in je in ce masa wayar ɗansa ta yi ƙarya? Jiya na yi maganar shamuwa kin ji abin da ya ce mini. In na sake, cewa zai yi ina kishi da wayar." Ta ci gaba da tuƙi. "Ke kika ga rubutun. Ke ce uwarsa. Ki faɗa masa."

Sau uku na gwada ranar Laraba. Da hantsi a gindin gawo, muryar ta sake cewa Juma'a, Baba ya ce Alhamdu lillahi da irin muryar da na daɗe ban ji ba tun bara da tsutsa ta ci gonar, sai na kasa. Da rana na kai masa fura, na durƙusa, na buɗe baki.

"Mene ne, Uwata?"

"Ko... ko ta yi tsami?"

Ya kurɓa. "Daidai take."

Na uku da yamma, na iske shi yana wasa bakin sungumi a kan dutse, Tsoho yana zaune kusa da shi. A gaban baƙo kam ko sallama da ƙyar take fita. Na wuce kamar tsintsiya na zo ɗauka.

Ba tsoron duka nake ba, Baba bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Abin da nake gudu shi ne fuskarsa. Mutum ya riga ya faɗa a majalisa, ya tashi makiyayi, yana taƙama da ɗansa da ya tuna da shi daga nesa, sai ƴarsa ta zo ta ce duk wannan ruwan na wasu ne.

Alhamis da sassafe Inna ta fasa lakar bakin tukunya. Ƙamshin toka da tsohon gero ya cika ɗakin. Ta bushe tokar, ta zuba mini iri a ƙwarya, sauran a buhu ta ɗora a kai. Da za mu fita, sai ta kwance ƙaramar wayar daga bakin zanenta ta sa mini a hannu.

A gidanmu haka ake shuka: Baba yana gaba da sungumi yana sara, rami a kowane taku, ni ina binsa ina jefa iri ina rufewa da diddige, Inna tana ɗaukar layi na biyu. Tun ina shekara tara nake bin bayansa. Ba ya waiwaye, ya san ina nan.

Mun iske Jaye a gefen gona yana kwance bukkarsa, matarsa tana ɗaure ƙore a kan jaki. Shanu suna tsaye suna kallonmu.

"Kaɗo, ka zo shuka ƙura?"

"Ka matsa da ƙafafunka masu kama da sanda, kada in sare su."

Baba ya yi bisimilla ya kai sara na farko. Ƙasa ta tashi fari fat. Ya yi gaba, sara, taku, sara, taku. Na tsaya a bakin ramin farko. Na ɗebi iri da yatsu uku kamar yadda aka koya mini. Na dubi ramin. Ko alamar danshi babu, har ƙasansa.

Hannuna ya ƙi buɗewa.

Ban shirya haka ba. Na dai tsaya ne, ƙwarya a ƙugu, iri a yatsu. Inna ta sauke buhu ta zauna a kai kamar ta gaji. Ina jin ƙarar sungumi tana nisa, tana nisa, har Baba ya kai ƙarshen layi wajen kalgo. Ya juyo zai kama na biyu, sai ya gan ni inda ya bar ni.

Ya sa hannu a goshi ya duba da kyau. Sannan ya taho, sungumi a kafaɗa, yana bin ramukansa da ido, duk a buɗe.

"Uwata, kunama ce?"

Na girgiza kai.

"Ciki?"

Na sake girgizawa. Na ajiye ƙwaryar a ƙasa, na miƙa hannu wajen aljihunsa. Ya ciro babbar wayar ya ba ni yana dubana. Na durƙusa na cire mayafin da na yafa, na shimfiɗa, na ajiye wayoyin biyu gefe da gefe. Jaye ya bar igiyar da yake naɗewa ya matso.

Na danna gajimare, na danna biyu. Muryar ta ce ruwa mai ƙarfi gobe Juma'a. Da ta kai wurin shinkafa Baba ya ɗaga hannu, amma ban kashe ba. Ta ci gaba. Ta ce masu shinkafa su gyara bakin fadama. Ta ce masunta da masu jiragen fito su yi hattara da iska a kan kogi.

"Masu jirgin me?" in ji Jaye.

Na ɗauki ƙaramar na danna lambobin huɗu a gabansu, na ƙara murya. Babu ruwan shuka cikin kwana goma. Yayyafi nan da can. Kada a yi gaggawa.

Wata saniya ta yi atishawa.

"Lamba ɗaya ce?" Baba ya tambaya.

"Ɗaya ce, Baba." Muryata ta fita siririya, amma ta fita. "Ƙaramar ta ƙarfen Gangara take bi, ta san nan muke. Babbar ta intanet take bi, ba ta san inda muke ba. Garin da aka rubuta mata shi ta sani. Yaya Safiyanu a Gaya ya shirya ta, sai ya rubuta Gaya." Na buɗe wurin na nuna masa rubutun, ko da yake ba zai iya karantawa ba. "Ba ƙarya ta yi ba. Ruwan Gaya take faɗa mana."

Baba ya daɗe yana kallon rubutun. Ni kuma ina kallon yatsun ƙafarsa cikin ƙura.

Jaye ne ya fara. Ya riƙe sanda da hannu biyu, kafaɗunsa suna rawa, sannan dariyar ta ƙwace masa.

"Chindo!" ya kira Baba da sunansa. "Ashe gonarka bakin kogi take ban sani ba! Shekara talatin ina kai shanu rijiya, ga kogi a nan. Ka bar sungumi, ka sayi kwalekwale!"

"Rufe mini baki, mai warin nono."

"Tani, ki shirya tukunya, yau kifi za a ci!"

Inna ta rufe baki da gefen mayafi. Na ɗaga ido a hankali. Baba yana ƙoƙarin ɗaure fuska, gemunsa yana motsi. Ya juya mana baya ya dubi gabas, sama fes ko tsinken gajimare babu. Ya juyo.

"Tun yaushe kika sani?"

"Shekaranjiya."

"Shi ne kika ce fura ta yi tsami."

Na sunkuyar da kai.

"Iya ma haka take," ya ce wa Jaye, kamar ba na wurin. "Sai ta bar ka ka kai bakin rami sannan ta riƙe maka riga." Ya numfasa. Ya dubi layin da ya sara tun daga nan har kalgo. "To. Amma layin nan ba za a bar shi baki buɗe ba. Na yi bisimilla a kansa. Ki sa masa, wannan ɗaya kawai. In mutanen Gaya sun rage mana wani abu, to. Tani, mai da sauran tukunya ki shafe."

Na bi layin ni kaɗai, ina jefawa ina rufewa. Bai ci ko cikin tafin hannu biyu ba. Da na waiwayo daga kalgo, na hangi Baba yana riƙe wa Jaye sandar bukka suna sake kafa ta, suna gardama a kan wanda bai iya ɗaurin igiya ba.

Daga gona Baba bai shiga gida ba, gidan Tsoho ya wuce. Da la'asar kuma ya je majalisa da wayoyin biyu, ya ce in rubuta masa lambobin huɗu manya manya a takarda don ya danna da kansa. An ce shi ya fi kowa dariya. Har yau akwai masu ce masa Sarkin Ruwa, yana amsawa.

Juma'a ta zo ta wuce, rana kamar ta fasa dutse. Ran Lahadi da yamma iska ta taso, aka yi yayyafi wanda bai kai ya jiƙa bayan akuya sosai ba. Amma ya isa. Bayan kwana huɗu na je kai wa matar Jaye tsaki, na ga layin nan ya fito, siraran kore a jere har kalgo, Jaye ya kare shi da ƙaya saboda shanu. Bayan mako guda ya koma launin kara. Na tsuguna na taɓa ɗaya, ya murmushe a yatsana. Na tsaya ina duban sauran gonar, faɗinta duka, ba komai a cikinta sai taki da sawun shanu. Ban taɓa jin daɗin ganin gona babu shuka ba sai ran nan.

Safiyanu ya kira da ya dawo gari. Ya ji saƙona, hankalinsa a tashe.

"Baba, wallahi ban kula ba! Tambayata ta yi ina nake, ni kuma na faɗa mata gaskiya. An shuka?"

"An shuka shinkafa," Baba ya ce. "Muna jiran ka aiko da kogin."

"Baba, don Allah."

"Ƙanwarka ta riƙe. Ga ta nan, ba za ta yi magana ba, amma tana jinka."

"Rukayya, ƴar bireve! To ki gyara mata garin mana."

Na gwada a gabansu. Jerin garuruwan babu Gangara, babu Gazawa, sai Maradi, ita ma tafiya ce mai nisa, ruwanta ba namu ba ne.

"Ke nan da gobara ta tashi muka kira ƴan kwana-kwana da wannan," Inna ta ce daga bakin murhu, "sai su fita da mota a Gaya suna neman hayaƙi?"

"Ki riƙe ƙaramar da kyau, Inna," in ji Safiyanu. "Duk gajerar lamba da ita za ku kira."

"Kun ji ko? Gado mai fasasshen gilashi."

Na tambayi Baba ko in sa Maradin. Ya ce in bar ta yadda take.

Shamuwa ta zo cikin watan bakwai, biyu suka sauka kan tsamiyar masallaci. Gawo ya fara zubar da ganye a kan buzun Baba. Jaye ya zo da kansa ya ce shanunsa sun ƙi kwanciya, ya tashi ba wanda ya kore shi. Ƙaramar waya ta ce a shirya. Ranar sha biyu ga Yuni ruwa ya sauka tun azahar har magariba, irin wanda ke cika kwatami ya shiga zaure. Da safe Baba ya tona da hannu a tsakar gida, danshi ya wuce tsawon tafinsa.

Inna ta sake fasa laka. Kwana biyu muka yi muna shuka, Baba a gaba, ni a baya, ƙasa tana manne mini a diddige. Iri ya isa gonar har ya yi saura kaɗan, Inna ta ƙulle shi a tsumma ta ce na Gwaggo ne, a kai mata Cadawa, kada Ɗan-Iya ya sake zama a tukunya ɗaya.

Yanzu da hantsi wayoyi biyu nake fita da su gindin gawo. Mukan fara da ta Inna, bayan ta ja mana kunne a kan batir. Baba ya saurara ya gyaɗa kai. Sannan ya nuna babbar da haɓa.

"Danna mini gajimaren."

In danna, in danna biyu. Yanzu ba ya cewa a kashe, har wurin masunta yake ji. Jiya muryar ta ce za a yi ruwa da iska a kan kogi da yamma.

"Kin ji," ya ce. "Yaron nan zai jiƙe, kuma na san ba shi da rigar ruwa. Danna mini hotonsa."